Amanar da Kawu Ya Tafi da Ita

Ranar Laraba ce da hantsi. Ina zaune a tsakar gida ina tsince wake, sai na ji tsayuwar babur ɗin maigidana a ƙofa. Bai saba dawowa a irin wannan lokaci ba. Ya shigo ya tsaya a kaina yana kallon farantin da ke kan cinyata, sannan ya ce, "Ajiye waken nan ki ɗauko mayafinki. Kawu ya faɗi a tashar Gwarzo."

Na ce, "Faɗuwa ya yi, ko rasuwa?"

Ya sunkuyar da kai. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye farantin a ƙasa, kaji suka yi kansa, ban kore su ba.

Kafin mu iso daga Kabo har an gama yi masa wanka. Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ban san hannun dama da na hagu ba, shi ya sa ni a makaranta, a gidansa kuma aka ɗaura mini aure. Saboda haka da aka fito da shi ban tsaya cikin baƙi ba, kusa da Inna matarsa na tsaya, na riƙe ta, ko ita ce ta riƙe ni, ban sani ba.

Kwana uku muna zaman makoki. Ban taɓa sanin Kawu yana da jama'a haka ba. Mata suka riƙa shigowa daga Getso, daga Jama'a, daga Garo, da waɗansu ƙauyuka da ban taɓa zuwa ba. Wata tsohuwa daga ruga ta ajiye ƙwaryar nono a gaban Inna, ta ce, "Yaya haƙuri?" Inna ta ce, "Da godiya." Tsohuwar ta daɗe a durƙushe, sannan ta ce, "Tun da aka kashe mini ɗa, mutum ɗaya ne ya zauna ya ji maganata har ƙarshe bai duba agogo ba. Shi ne wannan da kuka kai."

A waje kuma, maigidana ya ce ya ga abin da bai zata ba. Mutanen da suka yi shekaru ba sa gaisawa sun zauna a kan tabarma ɗaya, don babu wata tabarmar. Taubashin Kawu, wanda ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, ya zauna yana share ido da bakin rawani yana cewa, "Wannan mutum ya cuce ni. Ya san ni ke da gaskiya a musun da muka fara ranar Juma'a, shi ya sa ya gudu." Mutane suka yi dariya, shi kuma ya fashe da kuka. Mai shayin bakin masallaci ya ce, "Kullum sai Malam ya ce na cika sukari, kuma ban taɓa ganin ya rage ko kurɓi ɗaya a kofi ba."

Shugabar ofishin da Kawu ya yi wa aiki ta zo daga Kano. Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta kasa shiga, tana ta cewa, "Inna, ku yafe mana." Inna ta ce, "Ke 'yar nan, me kika yi? Shigo ki sha ruwa."

Akwai kuma wata mata da ta zo tun ranar farko. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma shiga cikin masu hira ba. Ta sami gefen rijiya ta riƙa wanke kwanukan baƙi, idan la'asar ta yi ta tafi, da safe ta dawo. A gidanmu uwar tagwaye muke ce mata. Saboda Kawu nake wannan rubutu, don kada a manta da shi. Amma saboda ita ma nake yi.

Kawu magatakarda ne a kotu har ya yi ritaya. Bayan ya ajiye aiki ne ƙasarmu ta shiga halin da kowa ya sani. Aka yi ta satar shanu, aka yi ta ɓarnar gonaki, matasa suka ɗauki sanduna da bindigogin toka suka ce za su tsare garuruwansu. An ƙone rugage, an tare manoma a hanya. Kowane ɓangare ya binne nasa. Da abin ya lafa sai aka yi shiru, irin shirun da kowa ya san wanda ya yi masa, amma za su haɗu a kasuwa su yi ciniki.

A wannan lokaci ne wata ƙungiya da ke samun tallafi daga ƙasar waje ta buɗe ɗan ofis mai ɗaki biyu a Gwarzo. Aikinsu shi ne su ji ta bakin waɗanda aka zalunta su rubuta, su kawo lauya ga waɗanda aka tsare ba a kai su gaban alƙali ba, sannan su zaunar da ɓangarorin biyu a faɗi gaskiyar abin da ya faru. Suka nemi dattijon da kowa zai yarda ya shiga gidansa. Sunan Kawu aka ba su.

Bai taɓa son ofishin ba. Idan aka kira su taron bita a Kano, yakan dawo yana cewa, "Kwana biyu ana koya mini yadda ake sauraron mutum, kuma wanda ke koyarwar bai bar kowa ya yi magana ba." Amma aikin ya shiga ransa. Yana da tasa hanyar, kuma babu wanda ya iya canza masa ita. Zuwan farko ba ya fito da littafi, gaisuwa ce kawai da tambayar damina da lafiyar dabbobi. Zuwa na biyu zai saurara. Sai a na uku yake rubutawa, idan mutum ya ce a rubuta. Idan ya gama, zai gyara tabaraunsa da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, ya karanta wa mutum abin da ya rubuta tun daga farko. A ƙarshen kowane shafi sai ya ɗago ya ce, "Haka ka faɗa, ko haka na ji?" Wannan tambayar har a gida ba ta bar mu ba. Idan na kai masa ƙarar maigidana sai ya bari na gama sarai, ya maimaita mini abin da na ce, ya tambaye ni. Sau da yawa da na ji maganata a bakinsa nakan ce a bar ta kawai.

Ba ya cin abinci a gidan da ya je aiki, ruwa kawai yake sha. Ya ce idan ya ci tuwon wannan bai ci na wancan ba, an gama da shi. Kuma ba ya kai maganar wani wajen wani sai mai ita ya ce a kai. Ya taɓa gaya mini cewa a zamansa na kotu ya ga yadda ake ɗaukar maganar talaka a juya ta a mayar masa a matsayin igiya. "Ni ma da hannuna na rubuta waɗansu," in ji shi. "Ba na so in je gaban Allah da ƙari."

Uwar tagwaye mutuniyar wata ruga ce a bayan Getso, irin waɗanda suka daɗe da zama suna noma suna kiwo. Wata ranar kasuwa mijinta ya kora raguna biyu ya tafi sayarwa, bai dawo ba. An ga waɗansu matasa sun tare shi a hanya, daga nan babu wanda ya ƙara ganin komai. Tagwayen suna goye a lokacin. Ba a kawo gawa ba, ba a yi masa salla ba, ba ta yi takaba ba. Da shekaru suka tura sai magana ta fara yawo cewa ai ba kashe shi aka yi ba, daji ya shiga ya bi ɓarayi. Yaran suka tasa ana nuna su. A bakin famfo aka taɓa ce wa ta macen 'yar ɗan daji.

An sha ba ta shawara ta je wajen alƙali ya raba ta da auren, tun da shari'a ta ba ta wannan dama. Ta ce wa Kawu, kuma ita ta yarda in faɗa, "Malam, alƙali zai ba ni takarda. Takardar za ta gaya wa yaran nan ubansu ɓarawo ne ko ba ɓarawo ba ne?"

Kawu ya fi shekara yana bin wannan magana. Wata rana ya dawo gida ina nan na zo gaishe su, ya zauna bai ko cire takalmi ba, ya ce wa Inna, "Na sami mutumina." Wani ne da ke cikin matasan da suka tare mijin. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsu ba, har ya koma ga Allah mutumina yake ce masa. Mutumin ya gaya wa Kawu cewa mijin ya rasu tun a ranar, an kashe shi ba da laifin komai ba, kuma shi mutumin ya san inda aka binne shi. Abin ya hana shi sukuni, yana so ya sauke. Amma yana tsoro. Waɗanda suka yi abin tare suna nan da ransu, waɗansu ma sun zama manya a unguwanninsu. Ya kafa sharaɗi cewa ba za a rubuta komai ba, ba kuma za a gaya wa kowa wurin ba, sai lauyan ƙungiyar ya zo ya zauna, an yi maganar a cikin ofis a gaban baƙin da ba 'yan garin ba, an kuma shirya inda za a kai shi da iyalinsa idan abin ya ɓaci. Ƙungiyar ta taɓa yi wa wani haka, ya gani. Kawu ya rantse masa ya ɗauki wannan amana.

Abin da mutumin ya yarda a kai wa uwar tagwaye kaɗan ne, cewa akwai wanda ya sani kuma zai yi magana. Kawu ya kai mata. A ranar ne ya yi abin da ban taɓa sanin ya yi ba. Ya ce mata, "Kafin a yi shuka za ki san gaskiya, in sha Allahu." Kawu ba ya alkawari da abin da ba a hannunsa yake ba. Wannan ne kaɗai, kuma shi ya ci shi.

An sa ranar da lauya zai zo. Saura mako biyu shugabar ofis ta tara ma'aikatanta. Ta karanta musu wasiƙa cewa ƙasar da ke ba da tallafin ta dakatar da shi, a tsayar da kowane aiki daga ranar. Ba a ce an yi laifi ba, ba a ce aikin bai yi kyau ba. An dai canza shawara a can. Kawu ya ce tana karantawa muryarta na karyewa. Da ta gama ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta, ya ce, "Hajiya, su waɗanda suka rubuto wannan, an karanta musu maganar uwar tagwaye?" Ta ce, "Baba, ba su ma san da Gwarzo ba."

Cikin 'yan kwanaki aka zo aka tafi da mota, aka kwashe kwamfutoci, aka cire allon ƙofa. Lauyan ya kira Kawu ya ba shi haƙuri, ya ce shi ma an sallame shi, zai koma neman abin da zai ciyar da iyalinsa. Waɗanda ke tsare suna jiran ya zo ya fito da su suka ci gaba da jira. Yanzu ana sayar da takin zamani a ofishin.

Mutumin Kawu ya ji labari kafin Kawu ya isa wajensa. Ya ce, "Malam, waɗanda suka ce za su tsaya mini sun kasa tsaya wa kansu. Ni da 'ya'ya huɗu. Ka bar ni." Ya kuma sa Kawu ya sake rantse masa.

Mutane sun ɗauka Kawu zai zauna a gida, tun da babu ofis babu alawus. Bai zauna ba. Duk mako sai ya shiga motar haya ya tafi. Ya je wajen wani limami, ya je wajen wani mai unguwa, yana neman wanda zai tsaya a madadin lauya da baƙin nan ba tare da ya faɗi dalili ba. Kowa sai ya ce, "Malam, faɗi sunan mutumin mu gani." Shi kuma ba zai faɗa ba. Aka yi shuka, aka yi noma, aka yi girbi. Idan ya hango uwar tagwaye a kasuwa ba ya kauce mata. Yakan je ya tsaya a gabanta ya ce, "Ban cika ba. Ina nan a kai." Ita kuma ta ce, "Allah Ya ba da iko, Malam."

A kan wannan ne muka yi faɗa, faɗan da ban taɓa yi da shi ba. Na je na same shi a zaure yana gyara rediyonsa. Na ce, "Kawu, ka san inda kabarin yake?"

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "To ka kama hannun matar nan ka kai ta. Wa zai ce kai ka faɗa?"

Ya ce, "Ban da ni, mutum biyar ne suka san wurin. Huɗu sun san ba su suka faɗa ba. Kin ga lissafin ba shi da wuya."

Na ce, "Wanda aka yi kisa da shi ne kake karewa, marayu kuma ana zaginsu a bakin famfo. Wannan ce gaskiyar da kuke ta faɗa?"

Ya ajiye rediyon. Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba. Ya ce, "Ke 'yar nan, idan na buɗe baki yau, jibi a tsinci mutumin nan a rafi, na sami uwar tagwaye ta biyu. Kuma duk wanda na taɓa zama a gidansa na ce maganarka amana ce, me zan ce masa? Ba ofis suka ba maganarsu ba, ni suka ba."

Na ce, "Ofis ya tafi, Kawu. Kai ma ba za ka dawwama ba."

Wannan kalma ta fita daga bakina, kuma har yau ina jin ta. Ya kalle ni ya ce, "Haka ne." Na tashi na fita ban yi masa sallama ba.

Na yi mako uku ban je Gwarzo ba. Shi ne ya zo. Ya shigo da rake sanda biyu a kafaɗa, ya miƙa wa yarana, ya zauna a kan turmi kamar babu abin da ya faru. Ya ce, "Na zo in ga ko har yanzu alƙaliya tana fushi." Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Me zan yafe? Abin da kika faɗa, ni ma kullum ina faɗa wa kaina. Ban ce ina da gaskiya ba. Na ce na yi rantsuwa." Sannan ya rage murya ya ce mutuminsa ya fara laushi. Matarsa ta haihu, kuma ya ce duk sanda ya ɗauki jaririn yakan tuna da tagwayen da bai taɓa gani ba. "Saura kaɗan," in ji Kawu. "Ki yi mana addu'a."

Inna ta gaya mini cewa ranar da ya rasu ya karya kumallo da koko, ya sa farar rigarsa, ya ce zai je ya ga mutuminsa. A tasha ya faɗi kafin ya shiga kowace mota. Na tambayi 'yan kamasho, babu wanda ya san inda ya nufa. Sun ce kowane mako layinsa daban, wani lokaci ma yakan sauka a hanya ya canza mota.

Ranar sadakar uku, bayan an watse, uwar tagwaye ta kife kwano na ƙarshe ta goge hannu da zaninta. Ta zo ta durƙusa kusa da ni, ta ce a hankali, "Yaya, Malam bai bar mini saƙo ba?"

Na ce ta ba ni kwana biyu. Ni da Inna muka buɗe akwatinsa na ƙarfe. Littattafai ne a jere, kowanne da maganar mutane da dangwalen yatsunsu a ƙasa. Na bi su shafi shafi. Na ga maganarta, shafi shida, da yatsanta. Ban ga ta mutumin ba. An ce kada ya rubuta, bai rubuta ba. Na kira shugabar ofis, ta ce ita ma bai taɓa gaya mata sunan ba, ya ce sai ranar zaman. Lauyan ma haka.

Na je har rugarsu na gaya mata. Tagwayen sun dawo daga makaranta suna cin ɗumame a gefe. Can ta ce, "Ya yi iyakar yinsa. Allah Ya sa ya huta." Ta raka ni har bakin hanya, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Ban san ko Kawu ya yi daidai ba. Wata rana ina ganin ya yi, wata rana ina ganin bai yi ba. Abin da na sani shi ne bai kamata a bar tsoho ɗaya da wannan kaya ba. An zo an ce wa mutane su buɗe bakinsu akwai mai tsaya musu, suka yarda suka fara buɗewa, sannan aka naɗe tabarma ana tsakiyar magana. Ba na zagin waɗanda suka ba da tallafi, abinsu ne. Amma da sun bari an kai ƙarshen abin da aka fara, ko da na mako biyun nan ne.

Maigidana ya ce ɗaruruwan mutane ne suka zo gaisuwa, da yawa bai san fuskarsu ba. Ina kyautata zaton mutumin Kawu yana cikinsu. Idan haka ne, ya zauna a ƙofar gida, ita tana gefen rijiya, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Bawan Allah, idan wannan rubutu ya iso gare ka, ko wani ya karanta maka, ka sani Kawu bai faɗi sunanka ga kowa ba, ko ga matarsa. Ya cika maka. Ni ba ni da lauya, ba ni da mota, ba zan kuma yi maka alkawarin abin da ba ni da shi ba. Gidan dai ka san shi, Inna tana ciki.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa abin da ya ɗauka don mutane ya zame masa sauƙi a can.

Jiya aka yi masa addu'ar arba'in. Mijin uwar tagwaye har yanzu ba a yi masa ko ta uku ba.